Jirgin Banda na Unguwar Shanu

Ku da kuka girma mahaifinku yana warin hayaƙi, ƙila kun manta na yi shekara goma sha ɗaya ina warin takarda da tawada. Akawu ne ni a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, mai buga tafireta, kuma ba yabon kai ba, duk ofishin babu mai saurina. Sai aka shiga shekarar da aka ce ma'aikata sun yi yawa. Wata Litinin na je da farar rigata a goge, masinja ya miƙo mini ambulan. Irin wasiƙar da ke ciki ni na yi ta buga wa wasu a makon da ya wuce, ashe tawa tana hannun wani akawun. Na dawo gida tun kafin azahar, Ummanku ta dube ni sau ɗaya ta gane, ta kawo mini ruwa.

A lokacin muna zaune a Unguwar Shanu, a ɗaki biyu na bayan gidan wana, Yaya Audu. Shi babban ma'aikaci ne, korar ba ta taɓa shi ba. Mutum ne mai riƙon zumunci, amma idan ya yanke magana ta yanku. Ya yi haƙuri da ni wata biyar ina yawon neman aiki daga ofis zuwa ofis, har takalmina ya buɗe baki. Wata safiya ya kira ni zaure, ya ce zaman ya isa haka, gonar Baba tana nan a ƙauye babu mai nomawa, bayan Babbar Sallah in kwashi iyalina mu koma gida. Ban yi musu ba, don ban taɓa yi masa musu ba. Amma na san makarantar ƙauyenmu: aji biyu ne, iska ta kwashe rufin ɗaya, malamin kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ke Hadiza kina aji biyar, kina zuwa ta ɗaya, ƙannenki biyu suna bin ki. Komawa ƙauye a wurina ma'anarsa karatunku ya ƙare, kuma wannan ne ya hana ni sakat. Sallah kuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki.

A cikin wannan hali na bi ta Kawo wata rana na tsaya gaisawa da Mudi mai walda, abokina tun muna samari. A bayan rumfarsa, cikin tarin ƙarafan da 'yan gwangwan suke kawo masa, na hango wani abu kwance a gefe ɗaya. Wata doguwar ganga ce ta ƙarfe mai kauri, da murfi a sama, da raga a ciki, da dogon bututun hayaƙi a ƙarshe ɗaya. A ɗaya ƙarshen kuma, can ƙasa-ƙasa, an manna mata wani ƙaramin akwati mai tasa ƙofar. Tsatsa ta ci ta har ta yi ja, ƙafa ɗaya ta karye, akwai agogon zafi a murfin amma gilashinsa ya fashe. Mudi ya ce daga gidan wani Bature aka kwaso ta da ya koma ƙasarsu, kuma kukunsa ya ce nama ake gasawa a ciki. Ina tsaye ina kallonta, ina kallon fasinjojin tashar Kawo da suka yi layi a gaban wani mai tsire, sai wani tunani ya faɗo mini da ƙarfi. Ba ni da abin saya, sai kekena, wanda da shi nake zuwa ofis duk shekarun nan. Na bar wa Mudi keken, ya bar mini gangar, da alkawarin zai yi mini duk waldar da take bukata.

Da aka turo ta gida a amalanke, mutanen layinmu suka fito kallo. Saboda bututun nan da doguwar gangar, wani tsohon ma'aikacin reluwe ya ce Akawu ya sayo kan jirgin ƙasa, sunan kuwa ya bi ta har yau. Yaya bai yi dariya ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannunsa a baya, ya tambaye ni me zan yi da ita. Da na gaya masa sai fuskarsa ta canza.

"Isyaku, kaf zuriyarmu babu mahauci. Kai da ka yi boko za ka tsaya a tasha kana yanka wa direbobi nama?"

Na ce masa gwadawa kawai zan yi. Ya ce in gwada, amma maganarsa tana nan daram.

Mako uku na yi ina kankare tsatsa a bayan gida, da burushin ƙarfe da samfefa, har tafin hannuna na akawu ya yi kanta ya fashe ya sake yin kanta. Mudi ya yanko faifan ƙarfe ya toshe hujin da ke cikin gangar, ya yi mata sabuwar ƙafa, ya gyara murfin da ya karkace. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ƙaramin akwatin nan. Mudi ya ce ma'ajiyar gawayi ce. Ni na ce a'a, Bature mutum ne mai tsari, nan ne yake ajiye yaji da wuƙaƙe. Ko kusa babu wanda ya kawo wuta a ransa, don duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake gashi: wuta a ƙasa, nama a sama ko a gefenta, suna kallon juna. Muka lura akwai wata babbar kafa tsakanin akwatin da gangar, muka yanke hukuncin cewa in an bar ta hayaƙi zai shiga ya ɓata mini yaji. Mudi ya kawo ƙarfe ya liƙe ta ruf, ya ƙara wa ƙofar akwatin wurin sa kwaɗo. Har yaba wa kanmu muka yi da muka gyara wa Bature kuskurensa.

Ummanku tana ganin duk wannan daga bakin murhu. Kun san 'yar Yawuri ce, a bakin ruwa ta girma, iyayenta masunta. Ranar da aka dawo da jirgin da kafar a toshe, ta leƙa ciki, ta ɗago ta ce, "Malam, wanga rami da kunka toshe…" Ban bar ta ta ƙarasa ba. Na ce yaushe ta san kayan Turawa, ta je ta ji da tuwonta. Ta koma bakin murhunta. Na rubuta wannan ne da gangan, don ku san irin mutumin da nake a lokacin: ba ni da aiki, ba ni da keke, amma girman kan akawu yana nan bai ragu ba.

Ranar gwaji na gayyato maƙwabta, har Yaya ya fito da kujerarsa. Na zuba gawayi a cikin babbar gangar, na hura, na shimfiɗa nama a raga, na rufe murfi ina ta bayani kamar ni na ƙera ta. Ba a jima ba kitse ya fara ɗiga a wuta. Da na ɗaga murfin sai harshen wuta ya taso ya lashe mini gira da gashin hannu, mutane suka watse. Naman ya fito baƙi ƙirin a waje, jini a ciki. Tsohon reluwen nan ya ce jirgi ya yi hatsari tun bai bar tasha ba, aka bushe da dariya. Yaya ya ɗauki kujerarsa ya shiga gida, kuma tafiyarsa ta fi mini dariyar ciwo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari da hantsi ina zaune a gaban jirgin na zabga tagumi, Ummanku ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta tambaye ni ko yanzu zan saurare ta. Na ce ta faɗi abin da ke bakinta.

"Malam, wanga abu ba na gashi ba ne, na banda ne. Wuta cikin ƙaramin ɗaki taka zama, nama cikin babba. Ba su ganin juna. Hayaƙi da zafi su ka bi ta ramin da kunka toshe, su ratsa nama, su fita ta bututu. Awa yadda muka bandar kifi gida, sai dai mu da laka muka gina namu."

Na so in yi gardama, amma ina kallon akwatin da bututun, kowanne a ƙarshensa, sai abin ya fito mini fili har na ji haushin kaina. Banda dai da na sani, da kowa ya sani, kifin banda da ake sayarwa a kowace kasuwa, ita ce na kasa ganewa don ta zo mini cikin ƙarfen Bature. Ummanku ta ɗauki tsinke ta zana mini a ƙasa yadda hayaƙi ke tafiya. Na kwafe zanen a takarda da kyakkyawan rubutuna, na kai wa Mudi, na ce na sake nazari na gano inda muka yi kuskure. Ban ambaci sunanta ba. Mudi ya yi ta jinjina mini, yana cewa boko dai boko ne, ni kuwa na karɓi yabon ban ji komai ba.

Daga nan aikin gaske ya fara. Mudi ya fasa kafar da ya liƙe, ya yanke wurin kwaɗon, ya buɗe wa ƙofar akwatin 'yar taga mai zamewa don a riƙa rage iska ko a ƙara. Sai mu jira Yaya ya tafi ofis, ni da Ummanku mu hura wuta a bayan gida mu gwada da ɗan abin da ya samu, wani lokaci wuyan akuya, wani lokaci kaza. Gwajin farko naman da ke kusa da kafar ya ƙone, na can nesa bai ji komai ba. Ta ce zafin yana shigowa da gudu, a sa masa abin da zai tare shi. Na kai wa Mudi, ya kwantar da wani faifan ƙarfe mai huji-huji daga bakin kafar zuwa tsakiyar gangar, a ƙarƙashin raga. Gwaji na biyu ta lura hayaƙin yana bi ta saman murfi ya tsere bai taɓa nama ba, ta ce a sauko da bakin bututun ta ciki har ya zo daidai da raga. Aka sauko da shi. Muka ƙara ƙugiyoyi na rataye nama, da tire mai tara kitse, da tayoyin baro guda biyu don a iya tura shi. Cikin kuwa ta hana a yi masa fenti, da kitse ta sa na shafe shi na ƙona har ya yi baƙi yana ƙyalli. Na so a nemo sabon agogon zafi, ta ce asarar tafiya ce. Ta koya mini ɗora tafin hannu a murfi, da karanta hayaƙi: in ya fito fari mai kauri, wutar tana shaƙewa, nama zai yi ɗaci, in ya fito siriri har sai ka ƙura ido, to an dace. Ita ta hana ni itacen dogon yaro bayan ya ɓata mana kaza guda, ta ce in nemo kirya ko marke. Duk wannan, in na je wurin Mudi, nawa ne.

Gwaji na biyar ya yi kyau har muka tsaya muna kallon juna. Na yanki mai kyau na kai wa Yaya a faranti, ya ce ya ƙoshi. Ya ƙara da cewa ya riga ya aika ƙauye a gyara mana ɗaki. Sallah kuwa saura kwana shida.

Babbar Sallar shekarar a tsakiyar marka ta faɗo. Muna saukowa daga idi aka tsuge da ruwa, aka yi yanka a jiƙe, aka yi fiɗa a jiƙe. Ni ban yi layya ba, karo na farko tun da na yi aure, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai. Yaya ya yanka raguna biyu, ya aiko mana da cinya ɗaya. Ruwan bai ɗauke ba har washegari. Murhun mata a tsakar gida yake, ya zama tafki, itace ya jiƙe sharkaf, wutar lantarki kuwa tun jajibere ba a gan ta ba, firjin Yaya ya koma akwatin banza. Man suya ma a shekarar sai wane da wane. Nama yana rataye a kowane gida na layinmu, ƙuda sun fara taruwa, mata sun rasa yadda za su yi.

Sai ga Ummanku ta jawo busasshiyar kirya daga ƙarƙashin gadonmu. Ashe mako biyu tana ɓoye ta, ta san halin watan. Muka tura jirgin tsakar gida, cikin ruwan, muka hura wuta a ƙaramin akwati, muka sa cinyar da gishiri da yaji muka rufe. Ruwa yana dukan murfin yana tashi tururi, wutar tana ci abinta a ɗakinta, ko a jikinta. Kafin azahar ƙamshi ya cika gidan ya tsallaka katanga. Hajiya Laraba, matar Yaya, ita ta fara karaya, ta fito da rabin rago a daro ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Da Yaya ya dawo daga sallar la'asar da lemarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu. Na buɗe murfin, na ciro cinyar, ta yi ja-ja-ja har ciki, wuƙa tana shiga ba gardama. Wannan karon ban kai masa a faranti ba, a tsinin wuƙar na miƙa masa. Ya karɓa ya ci a tsaye, ya daɗe yana taunawa.

"Laraba, a fito da sauran naman gaba ɗaya," ya ce. "Har na wancan ragon."

Kwana uku jirgin bai huce ba. Mata suka yi ta aiko da daro-daro na nama daga gidajen layinmu, daga baya har daga Rafin Guza, don labari ya kai can. Ummanku ta raba aikin: wanda za a ci a kwana biyu a cire shi da laushinsa, wanda za a ajiye a yanka shi sala-sala a rataye a ƙugiya ya bushe sosai. Tsohon reluwen da ya yi mini ba'a da kansa ya kawo nasa, yana cewa ashe jirgin na kaya ne. Ban taɓa gajiya irin ta kwanakin ba, ban kuma taɓa jin daɗi irin nasu ba. A layinmu ko tsoka ɗaya ba a zubar ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a cikinsa kuka girma: rumfar Kawo, da jirgi na biyu da na uku da Mudi ya ƙera a kan fasalin na farko. Abin da ba ku sani ba shi ne ba kyauta na same shi ba. Akwai abokan ofis da suka daina ganina in sun zo tasha, sai su kau da kai su wuce. Akwai dangin da suka shekara ba su taka gidanmu ba don na zubar musu da daraja. Hannuna bai sake dacewa da tafireta ba, kuma wani lokaci, ko yanzu, ina kewar ƙararta. Amma ba wannan nake so ku riƙe ba, yammacin rana ta uku nake so ku riƙe.

Ruwa ya ɗan tsagaita, maza sun cika zauren Yaya, an kawo nama a babban tire ana ci ana santi. Mudi yana nan, yana ba da labarin yadda na zo masa da zane a takarda. Sai limamin masallacinmu, dattijo mai yawan tambaya, ya juyo ya ce, "Akawu, wannan fasaha a ina ka samo ta? A littafin Turawa ka karanta?" Kowa ya zuba mini ido. Wallahi amsar da ta fara zuwa bakina ita ce e, kuma da na faɗe ta babu mai ƙaryata ni. Amma ta ƙofar zaure ina hango Ummanku a tsugune gaban ƙaramin akwatin tana gyara wuta, zanenta ya jiƙe, idonta ya yi ja don hayaƙi.

"Allah gafarta Malam, ba nawa ba ne," na ce. "Uwar Hadiza ce. Ni da Mudi toshe shi muka yi. Ita ta ce banda ce, ita ta zana, ita ta koya mini wutar. Nawa kai saƙo ne kawai."

Aka dakata da cin nama. A zamanin ba a saba jin namiji ya faɗi haka a gaban maza ba, na ji zufa tana keto mini duk da sanyin damina. Mudi ne ya fara fashewa da dariya, yana cewa shi dai an cuce shi, wata guda yana yabon boko ashe Yawuri yake yabo. Yaya bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa a hankali, ya dube ni irin duban da bai yi mini ba tun ranar da aka sallame ni.

"Yau ka yi maganar manya, Isyaku," ya ce. "Shiga ka gaya mata ta kwance kayan da ta ɗaure. Ranar Litinin yara su koma makaranta."

Na tashi, na ratsa tsakar gida cikin taɓo, na tsaya a kanta na gaya mata saƙon Yaya kalma bayan kalma. Ba ta ɗago ba sai da ta gama tura itacen da ke hannunta, ta rage tagar iska, ta duba hayaƙin da ke fita daga bututu. Sannan ta dube ni.

"Ni ban ɗamre komi ba, Malam," ta ce. "Miƙo min wancan daron."